Ƙwayoyi Biyu a Kwalba Ɗaya

Hamida maƙwabciyata ce a Argungu, katangar ƙasa ɗaya ta raba mu, ita ma ta zube tun wata damina har muna miƙa wa juna gishiri ta kanta. Sana'arta bandar kifi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya mata uku da suka yi aure, da autanta Munzali.

Munzali yana da farfaɗiya tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ku da ba ku tashi a bakin gulbi ba, ba za ku gane abin da wannan ke nufi a gidan masunta ba. Mai faɗuwa ba ya shiga ruwa. Tsaransa suna fita da kwalekwale da taru, shi yana gida yana tsaga wa uwarsa itace kamar baƙo. Sai da wani likita a Birnin Kebbi ya ɗora shi a kan wata farar ƙwaya, ɗaya safe ɗaya yamma. Shekara biyu bai faɗi ba, dattawan masunta suka yarda ya shiga jirgi. Ranar da ya fara kawo kifin hannunsa, tarwaɗa ce guda shida, Hamida ta ƙi sayar da ko ɗaya. Mu muka cinye.

To magani da ruwa ba sa shiri. Kwali yana jiƙewa, katin ƙwaya yana ɓarewa a aljihu. Don haka Hamida ta yi abin da kowane gidan masunta ke yi da ashana da kuɗi: duk maganin da ta sayo sai ta ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a wata kwalba mai murfi mai ƙarfi. Daga nan take ɗibar masa na kwana biyu a wata 'yar ƙarama da baduku ya ɗinka wa riga ta fata, yana ɗaurawa a ƙugu. Kwalayen kuwa da su take hura wutar banda. Shekara shida haka, ba wanda ya ga aibu, har ni.

Sai magani ya fara tashi. Duk zuwan da za ta yi unguwar Nassarawa a Birnin Kebbi, kantin magani na Malam Albashir inda ta saba saye, sai ta tarar an ƙara.

“Albashir, wanga abu da zinari aka yi nai?” ta tambaye shi.

“Inna, da zinari ne da na ɓoye ɗaya na yi aure na biyu,” ya ce. “Masu yin shi sun tattara sun bar ƙasar. Sun ce ba riba. Wanda kika gani saura ne, in ya ƙare sai an shigo da shi da dala.”

“Ba riba? Duk kuɗin da nike ba su?”

“Masu wannan ciwo yawancinsu talakawa ne, Inna. Kamfani yana bin ciwon masu kuɗi. Amma akwai wani, na wani kamfani, abu ɗaya ne a ciki, kuɗinsa bai kai rabin wancan ba.”

A lokacin ta sayar da albasar 'yar gonarta ta fadama, kuɗi na hannunta, kuma ta san wata mai zuwa ba za su sayi abin da suke saya yau ba. Ta kwashi na wata biyu na tsohon mai tsada, da na wata biyu na sabon mai arha. Ta dawo gida ta zauna a tabarma, ni ma na taya ta ɓallewa, muna hira. Dukansu farare ne, zagayayyu, da tsaga a tsakiya. Muka zuba a kwalba ɗaya, ta girgiza don su zauna. Kwalayen suka shiga wuta a ranar.

Bayan kwana goma sai ga Albashir ya bugo wayar Munzali, ya ce a zo da maganin duka. Na raka ta, don ƙafarta ba ta son hawan mota ita kaɗai. Muka same shi ya cika tebur da kwalaye yana duba lambobi. Ya ce hukuma ta ba da sanarwa a janye wani rukuni na mai arhan nan, an gwada an tarar kusan ba magani a ciki, gari ne kawai aka dunƙule. Kuma daga wannan rukunin ya sayar mata.

“Kawo su, Inna. Wakilin kamfani zai karɓa, a ba ki wasu masu kyau.”

Hamida ta kwance bakin gyalenta ta ajiye kwalba a tebur.

Ya daɗe yana kallon kwalbar. “Ina kwalayen?”

“Na yi banda da su.”

“Katin fa, ko ɓawon?”

“Duk sun shiga wuta. To mi za ni yi da ɓawo?”

Ya zazzage kaɗan a kan takarda, ya juya su da bakin biro, ya ɗaga ɗaya wajen haske. Ya ce shi kansa ba zai iya rabewa ba. Wakilin kuma ba ya karɓar ƙwaya tsirara, sai a cikin katinta da lamba.

“Ni na ba ki shi da hannuna,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Ga kati ɗaya na mai kyan, na kwana biyar, kada ki biya. Na kwalbar nan kuma a zubar da su. Kada ya sha ko ɗaya, kada kuma ya shiga ruwa sai an samu wani.”

“In zubar da albasata ta shekara?”

“Inna, rabinsu gari ne.”

“Rabinsu kuma magani ne,” ta ce, ta mayar da kwalbarta cikin gyale.

Ta tambayi kuɗin mai kyan na wata ɗaya. Da ya faɗa, sai ta juya muka kama hanyar gida.

Kwana biyar suka zo suka wuce. Lokacin ruwa na janyewa ne, kifi ya taru a gurabe, kowa na cin kasuwarsa ta shekara. Munzali ya zauna kwana biyu a gida, ya kasa.

“Inna, in ban shiga ruwa ba da mi za mu sayi maganin? In kuma aka ji na daina sha, kin san ba wanda zai ƙara ɗaukata a jirginai. In koma tsagar itace?”

Na leƙa ta katanga da hantsi na ga Hamida ta baje ƙwayoyi a faifai, tana ɗaukar ɗaya ta taɓa a harshe, ta ajiye dama ko hagu. A wurinmu ai ɗaci shi ne ƙarfin magani.

“Kin samu?” na ce.

“Bakina ya mutu, Yaya. Bayan ta goma duk ɗaci ɗaya nike ji.”

Ta tattara su ta mayar. Sannan ta gaya mini abin da ta yanke. Tunda rabi da rabi ne, za ta riƙa ba shi biyu safe biyu yamma. A cikin biyu ai ba za a rasa ta kirki ɗaya ba. Na ce ta kira Albashir ta tambaya. Ta ce ta san abin da zai ce, shi kuma ba shi zai ciyar da su ba. Ni ma da na auna a raina sai na ga lissafin ya yi daidai. Na ce mata, “Allah ya sa a dace.” Iyakar abin da na ce ke nan.

Kwana tara yana sha bibbiyu yana fita. Wata rana ya dawo garau. Wata rana ya dawo yana tangaɗi, yana cewa yana ganin ƙofa biyu, ya kwanta bai ci tuwo ba. Hamida ta ce gajiya ce da rana.

Rana ta goma, bayan azahar, Atiku, abokin kamun kifin Munzali, ya shigo gidan, rigarsa na ɗigar ruwa. Ya tsaya a tsakar gida bai yi sallama ba. Ya ce Munzali yana tsaye a bayan jirgi yana tuƙi da sanda, shi kuma yana gaba yana jan taru. Da ya waiwaya ba kowa, sai sanda tana yawo. Ruwan bai kai wuya ba ma a wajen. Sun fito da shi, sun juya shi, sun matsa. An kai shi makwancinsa kafin magariba.

Ranar addu'ar uku Albashir ya zo daga Birnin Kebbi ya yi gaisuwa. Hamida ta sa aka shigo da shi har ɗaki, ta gaya masa yadda ta yi, ba ta rage komai ba.

“Ka faɗa mini gaskiya, ɗana. Na garin nan biyu ya sha ciwon ya tashi, ko masu kyan biyu ya sha jiri ya kwashe shi?”

Albashir ya sunkuyar da kai. Ya ce duk biyun suna iya faruwa. Ya ce Atiku kaɗai zai iya cewa, da ya ga yadda ya faɗi.

“Atiku bai gani ba,” ta ce.

Har yau kwalbar tana ɗakinta a kan kwanukan jere, ta fi rabi. Na ce ta bari in zubar mata a masai, ta hana. Ta ci gaba da banda, kifin wasu take saye yanzu. Wani lokaci da rana in na leƙa sai in gan ta da faifai a cinya, ta fitar da biyu ta ajiye gefe da gefe, tana dubawa.