Shafin Fensir

...kuma ko kunya babu, ya ɗora hular kwano, yana shafa bakin na'urar kamar shi ya haife ta. Shafa, Injiniya. Shafa da kyau.

Wata bakwai ina duƙe a teburin bayan ɗakin walda. Na'urar da za ta cilla ƙarfe da igiya tsallaken kogi, wanda ambaliya ta ritsa da shi ya kama — tunanin wa? Lissafin wa? Ran da na kai Inna asibiti ka buɗe aljihun teburina, ka kwafe littafina, ka buga sunanka a sama. "Ƙanwata, ai duk aikin sashe ne." Ƙanwarka...

Sai dai shafin fensir ka kwafa. Shekara uku muna ofis ɗaya, ba ka taɓa lura ba: fensir gwaji ne a wurina, sai na tabbatar nake sa biro. A fensir ƙarfen shi kaɗai yake tashi, digiri arba'in da biyar, mita tamanin, lissafin 'yan makaranta. A biro kuwa — igiya tana warwarewa, tana ƙara nauyi, tana jan ƙarfen baya, sai ka bi canjin daƙiƙa bayan daƙiƙa ka tara shi. Kalkulas ke nan, wanda kake kira ɓarnar takarda.

Shafin biro yana cikin jakata. Uffan ba zan ce ba. Wallahi so nake in ga fuskarka.

Manyan hukumar agaji sun hakimce a rumfa, sun zo kallon gwaji. Ga tuta can a mita tamanin. Ƙarfen ba zai kai ba. Sittin da biyu, da uku in iska ta ji tausayinka. Ya faɗo tim a tsakiyar fili, su kalle ka, ka kalli takardar da ba ka iya karantawa...

Wa ke can riƙe da tef ɗin awo? Baba mai walda. Shi da yake goge min kujera da hannun rigarsa, "'Yata, tashi ki miƙe ƙafa, lissafin ba zai gudu ba." Kai ka tsayar da shi a can, wai ƙarfen ta samansa zai wuce. Taku ashirin kafin tuta, ina kallo ya ƙirga... kamar mita sha takwas ke nan... a cire daga tamanin...

Sittin da biyu.

Hannunka yana kan makunni. In na yi magana, kai na ceta — kai. Baba yana ɗago min hannu yana murmushi, kai kuma ka fara ƙirgawa, uku... biyu...