Keken Ɗinki a Bayan Katifu

Yana cikin tura keken ɗinkin bayan tarin katifu ya ji ƙarar motar Dogo a ƙofar ɗakin ajiya. Ya ja wani tsohon labule ya rufe shi, ya koma teburinsa ya ci gaba da haɗa tukwane da murafansu.

Shekara huɗu ke nan Mai-gyara yana aikin sa kai a wannan ɗaki, inda ƙungiyar unguwa take tara kayan da jama'a suka bayar domin iyalan 'yan gudun hijira da ake ba matsuguni. Shi yake kunna kowane risho ya ga ko yana yoyo, shi yake ɗaure ƙafar kujera, shi yake liƙa wa kowane ƙunshi takarda mai lambar iyali. Lambobin kawai ya sani. Fuskokin kuwa Dogo ne ya san su, ƙanin matarsa, wanda ya shigo aikin wata biyar da suka wuce don yana da motar ɗaukar kaya. Hotunan Dogo ne a bangon ofis, yara sun rataye a wuyansa. A makon jiya ma wata mata ta haihu ta sa wa jaririn sunansa.

"Yaya, sannu da fama da murafai!" in ji Dogo yana shigowa. "Ina keken lamba sha bakwai? Wani mai shago zai ba matar da za a kai wa keken ɗinkin kayan makaranta, amma ya ce sai ya ga keke a ɗakinta kafin azahar, in ba haka ba ya ba wani."

"Bai shirya ba. Zaren ƙasa yana tsinkewa."

"Kai da ka ce jiya ya koma sabo?"

"Ni na ce, ni kuma na ce bai shirya ba. Ko kai za ka gyara?"

"Wa, ni? Allura ma ban iya sa mata zare ba. Ai saboda hannun nan naka muka ba ka yayarmu, ba don kyau ba."

Dogo ya yi dariya, ya loda katifu uku da buhun barguna, ya tafi.

Kwana tara Mai-gyara ya yi a kan keken nan. Da tsatsa aka kawo shi, ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya, ya wanke da kananzir, ya samo masa sabon bel. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: sau ɗaya tak ya ga fuskar wanda ya karɓi aikin hannunsa, ya ji an gode masa shi da kansa. Ya gaya wa ransa cewa akwai lokaci. Ya sa keken a kwali, ya ɗaure da igiya, ya fita.

Bas ta farko ta wuce a cike. Ta biyu ta sauke shi a bakin sababbin gidajen 'yan gudun hijirar da ƙarfe sha ɗaya da rabi. Nan ya gane abin da bai taɓa tunani ba: sha bakwai lamba ce a takardarsa, ba a ƙofar kowa ba. Gidajen iri ɗaya ne, layi bayan layi, kuma Dogo kaɗai ya san ƙofofin. Ya ciro waya, ya dubi sunan Dogo, ya mayar da ita aljihu. Ya yi ta bi yana sallama, igiyar tana yanka masa yatsu, har aka kira la'asar kafin wata tsohuwa ta nuna masa ɗakin matar da ta iya ɗinki.

Matar ta fito da goyo a baya. Ta dubi kwalin, sannan ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa.

"Sannu, Baba. Mai mota ne ya aiko ka?"

Ya ce, "Mai shagon ya zo?"

"Ya zo, ya tafi. Ya ba wani." Ta gyara ɗaurin goyonta. "Don Allah kada ka gaya wa mai mota, zai damu. Ya biyo ɗazu ya ba ni haƙuri. Ya ce yayansa ne yake gyaran, wai duk garin nan babu mai hannu irin nasa, kuma ba ya sakin abu sai ya tabbata ba zai ba mutum kunya ba. Na ce to, gara haka."

Mai-gyara ya ajiye kofin bai sha ba. Ya kwance igiyar, ya fito da keken, ya sa zare. Ta miƙo masa wani ƙyalle, ya juya hannun keken, ɗinkin ya fita a miƙe, babu tsalle ko ɗaya.

"Kai, lallai ya iya," in ji ta. "In ka gan shi ka ce na gode."

 Sai ya miƙe yana laluben takalmansa.

"A ina shagon mutumin yake?" ya tambaya.

"Da nisa, Baba. Kuma ai ya riga ya bayar."

"Kwatanta mini dai."