Manhajar da Yaya Ta Zaɓa

Kujeru biyu ne kawai a ofishin Baba: tasa mai juyawa, wadda fatar hannunta ta tsattsage, da wata ta katako a gindin taga, mai ɗan matashi shuɗi. Ta katakon ta Yaya ce. Ba a rubuta haka a ko'ina ba, amma daga masu dakon bokitan fenti har direbobi kowa ya sani, in aka kira ka ofishin nan a tsaye za ka yi maganarka ka fita.

Yaya ita ce babbar 'yar Baba, kuma ita ke riƙe da rassan kamfanin fentinsu tun da ciwon gwiwa ya hana shi yawo. Kullum da safe za ta shigo da takardunta, ta gyara matashin a bayanta, shi kuma ya kurɓi shayi ya ce, "Uwata, me kasuwa ta ce?" Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ba ya kiranta da wani suna. Tana da miji, tana da 'ya'ya, tana da motar da ba ta ba ta wahala, amma duk yininta ba abin da take jira kamar wannan tambayar.

Sai dai Baba mutum ne mai tambaya a kan tambaya. In ta ce farin fenti ya tafi sosai, sai ya ce a wane reshe. In ta faɗi reshen, ya ce babban bokiti ko ƙaramin gwangwani. Ta lalubo wannan da ƙyar, ya ce to magina ne suka saya ko masu gida, kuma yaya aka yi bara a irin wannan watan? So yake a juya masa lissafin ta kowace fuska, launi da reshe da wata da irin mai saye, a kuma haɗa masa su lokaci guda. Yaya sai ta koma ta yi ta yanko alƙaluma daga wannan shafin kwamfuta tana liƙawa a wancan. Kafin ta dawo da amsa, Baba ya manta tambayar, ya haifi wata sabuwa.

Da haka aka yanke shawarar sayen manhajar da za ta riƙa yin wannan juyin. Kamfanoni biyu suka bar musu tasu su gwada. Sai kuma Auta, ƙanwar Yaya, ta buɗe baki ana cin abinci ta ce ai mijinta aikin kwamfuta yake yi, me zai sa a nemi bare? Ya ɗauki hutu a wurin aikinsa ya zo ya saka musu manhajojin, da nufin in an zaɓi ɗaya ya koma inda ya fito. Mutum ne mai gilashi, mai sanyin murya, mai gaisuwa har ya rusuna. Bai taɓa yi wa Yaya komai ba, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi, domin ta rasa abin da za ta riƙe a kansa.

Baba ba ya riƙe sunayen manhajoji, saboda haka ya raɗa musu nasa. Ta farko ya ce mai zane, domin a kwamfutar hannu ake amfani da ita, ka ja launi da yatsa ka ajiye kusa da reshe, zane ya fito nan take. Ta biyu ya ce mai zurfi. Ita tana ɗaukar bayanan shekaru masu yawa ba ta gajiya, amma kowace tambaya sai an zauna an gina mata ita a rubuce, da ƙa'idojinta. Mijin Auta ma ya sami nasa sunan a rana ta biyu. Injiniya, in ji Baba. Yaya ta ji sunan nan har cikin haƙoranta. Ita da ta tsufa a cikin warin fenti ba a taɓa ce mata ko Manaja ba, shi daga jona waya biyu ya zama Injiniya.

Wata safiya ta makara. Rufin sito ne ya yi yoyo a wani reshe, ta tsaya sai da aka kwashe kwalaye. Tun daga baranda ta ji dariyar Baba, irin wadda take ƙarewa da tari, wadda ta daɗe ba ta ji ba. Ta tura ƙofa. Mijin Auta na zaune a kujerar katako, an janyo ta daga gindin taga har kafaɗarsa tana taɓa ta Baba. Matashinta kuwa yana kan tebur, an jingina kwamfutar hannu a jikinsa.

"Uwata, zo ki gani!" Baba bai ko ɗago ba. "Kore! Ashe kore ne ke tafiya a reshen bakin tasha, ƙananan gwangwanaye, duk lokacin da makarantu za su koma. Ni kuma ina ta tura musu ruwan toka. Duba, da yatsana na gano. Da yatsana!"

Mijin Auta ya miƙe zumbur. "Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujerarki."

"Yi zamanka," ta ce. "Ai aiki kuke."

Ta tsaya a bakin tebur da takardunta a hannu kamar direban da aka kira. A shafi na uku na takardun akwai maganar koren nan, ta kwashe yammaci guda tana haɗa ta. Ba wanda ya tambaye ta me kasuwa ta ce, ita ma ba ta faɗa ba. Kishi ne ya cika mata ƙirji, kishi tsagwaronsa, har tana jin kunyar kanta, mace da furfura a goshi tana ƙyashin a zauna kusa da ubanta.

Daga ranar ta duƙufa a kan mai zurfi. Kuma kada a zalunce ta, hujjojin da ta tattaro na gaskiya ne. Mai zane ta fara jan ƙafa da aka loda mata cinikin shekarun baya gaba ɗaya. Kayan da aka dawo da su takan lissafa su wuri guda da na sayarwa sai an bi ta da gyara. Kuma ba ta iya rufe wa manajan wannan reshe ido daga ribar wancan yadda ya kamata. Mai zurfi duk ta iya waɗannan. Amma abin da Yaya ba ta rubuta a takardarta ba shi ne babbar hujjar: mai zurfi ba ta jin yatsa. Baba ba zai iya taɓa ta da kansa ba, dole ya tambayi wani. Kuma ba ita mijin Auta yake so ba.

Ranar yanke hukunci ta riga kowa zuwa, ta mayar da kujera gindin taga, ta zauna a kan abinta. Mijin Auta ya yi bayaninsa a tsaye. Ya ce a ganinsa mai zane ta ishe su, kurakuranta ƙanana ne, zai toshe su kafin ya tafi. Yaya ta bi bayanin nasa ɗaya bayan ɗaya tana warwarewa, murya a kwance, har da ce masa Injiniya. Da ta zo kan maganar manajoji su ga ribar juna, ta ga girar Baba ta motsa, ta san ta taɓa inda yake masa ƙaiƙayi.

Baba ya shafa kwamfutar hannun da ke gabansa, ya ɗan daɗe yana kallon fuskar kwamfutar. Sannan ya ture ta gefe. "Ke ce mai riƙe da rassa, Uwata. Abin da kika zaɓa shi za a saya."

A baranda mijin Auta ya biyo ta. "Yaya, don Allah minti ɗaya. Mai zurfin nan fa sai an sami wanda zai zauna mata kullum. Ba abin da za a koya a mako ba ne, ni kaina na daɗe kafin..."

"Tun kafin ka auri ƙanwata nake haɗa lissafin gidan nan," ta ce. "Na gode da shawara."

Ranar nan ta sa hannu a yarjejeniyar sayen mai zurfi, ta shekaru, wadda ba a fasawa. Ta koma gida da nishaɗi har mijinta ya tambaye ta ko an yi ciniki ne.

Kamfanin manhajar ya turo mai koyarwa. Yaya ta zauna da niyya, ta kashe waya. Kafin a gama darasin farko an leƙo an ce motar kaya ta lalace a hanya. Washegari manajan wani reshe ya yi faɗa da magini. Tana fita tana dawowa, duk dawowa ta tarar an wuce inda ta sani. Ba wai kanta ba ya ja ba ne, yana ja sarai. Rassa ne ba sa barin mutum ya zauna, kuma ita ta fi kowa sanin haka tun kafin ta sa hannu.

Safiyar farko da aka koma kan sabuwar manhaja, Baba ya kurɓi shayi ya ce yana so ya ga koren nan, reshe reshe, a gwada shi da bara, a cire na magina. Yaya ta buɗe kwamfuta. Ta rubuta, manhajar ta ƙi. Ta goge ta sake, ta fito da alƙaluman da ko yaro ya san ba daidai ba ne. Shayin Baba ya huce. Yana ta murza yatsansa a kan tebur, inda kwamfutar hannun take zama kafin a mayar wa masu ita.

"Injiniya bai tafi ba tukuna, ko?" ya ce a hankali. "A kira shi ya duba mana."

Kafin a ɗumamo shayin, mijin Auta ya fito da amsar. Washegari ma haka. Rana ta uku ma haka. Hutunsa ya ƙare, Baba ya ce ya roƙi ƙari.

Sai ga ranar da Yaya ta shigo ta tarar da wani kafinta yana gwada gindin taga da awo, kujerarta an fitar da ita tsakiyar ɗaki. Auta ma tana nan, ta ci ado, bakinta ya ƙi rufuwa. Mijinta na tsaye a gefe yana kallon takalmansa.

"Tebur za a sa wa Injiniya," in ji Baba. "Ya ajiye aikinsa, ya dawo wurinmu gaba ɗaya. Ke kuma kin huta da zaman safen nan, ki riƙa wucewa rassa kai tsaye." Ya juya ga surukinsa. "Ka gode wa yayarka. Ni fa mai zanen na so, ba zan ɓoye ba. Da ita aka saya, da tuni na sallame ka. Na so in riƙa dubawa da kaina da sassafe, in Uwata ta shigo in tare ta da gardama, mu yi ta yi. Amma ita ta hango abin da ban hango ba. Ta zaɓi wadda za ta sa dole mu riƙe ka. Haka babba yake yi wa na ƙasa da shi."

Auta ta rungume ta. "Wallahi Yaya ban san haka kike son mu ba."

Yaya ta kalli mijin ƙanwarta. Ya ɗago, idonsu ya haɗu, ya yi sauri ya mayar da nasa ƙasa. Shi kaɗai ya san dalilin zaɓinta, kuma ladabinsa ba zai bar shi ya faɗa ba har abada.

"Allah ya sa albarka," ta ce.

Ta ɗauki matashinta daga kan kujera ta matse shi a hammata tare da takardun. Kafinta ya matsa ya ba ta hanya. Tana jan ƙofa ta ji ƙarar cokali a kofi, ta ji Baba ya kurɓa, ya gyara murya.

"To, Injiniya, me kasuwa ta ce?"