Ƙullin da ba shi da rubutu

A masana'antar busar da 'ya'yan itace inda nake aiki, ɗakina ƙarami ne mai taga ɗaya. Aikina shi ne auna salfayit, sinadarin da ake tsoma yankakken mangwaro a cikinsa don kada ya yi baƙi. Doka ta ƙayyade yawansa, ta kuma wajabta a rubuta sunansa a jikin kowace leda, domin yakan toshe numfashin wasu masu ciwon asma. Da hantsi, idan rana ta sauka a kan farantan shanya, sai in ga kamar wurin ya cika da ruwan zinariya, ni kuma ina iyo cikinsa a hankali da farar rigata.

Gutsattsarin da bai cancanci leda ba, ma'aikata ne ke rabawa, kowa ya ƙulle nasa a takarda. Wannan ƙullin ba ya ɗauke da gargaɗin komai.

Wata la'asar na tarar da irinsa a kan tabarmar Inna, mahaifiyata, dab da maganin asmarta na shaƙa. Maƙwabciyarmu, mai tsintar mangwaro a wurin aikinmu, ita ta kawo mata. Inna ta ɗaga yanka guda, hasken taga yana ratsa shi.

"Inna, don Allah ki dakata. Kin ci?"

"Ga malam mai difloma ya iso," in ji ta. "Kallo nake yi tukuna. Ko kallon ma sai ka auna?"

Na durƙusa na yi mata bayani.

"Ba kai ke cewa naku bai taɓa wuce ƙa'ida ba?"

"Bai wuce ba, Inna. Amma mai ƙirji irin naki, rubutun ledar ne ke tsare shi, wannan kuwa ba a leda ya zo ba."

Ta miƙo mini ƙullin, idonta bai rabu da shi ba.

Washegari na sayo nunannen mangwaro, na yanka, na shanya a kan rufin ɗaki ba tare da na sa masa komai ba. Da ya bushe, ya fito baƙi-baƙi, a yamutse.

"Wannan mangwaro ne, ko kunnen tsohuwar akuya?" in ji Inna.

Duk da haka ta sa a baki. Na zauna gefenta ina sauraron numfashinta, yana shiga yana fita kamar labule a iskar yamma.

"Ka daina leƙen ƙirjina," ta ce. "Miƙo wani."