An Ɗaga ko Ya Ɗaga?

In dai Injiniya za a tambaya, shi ba kurma ba ne, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. Shekara da shekaru yana tsugune gaban janareta yana gyara, ƙara ta cinye masa kunnen hagu tas, na daman ma saura ƙiris, amma kuskura ka faɗa masa ka ga tashin hankali. Sunan Injiniyan ma 'yan layinsu ne suka laƙaba masa, bai taɓa leƙa ajin injiniya ba.

Matarsa Malama kuwa, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen duba littattafan 'yan firamare, ido ne ya fara yi mata gardama. Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce irin wannan ciwon ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu da maganin ɗigawa, kuma in akwai abin da take son gani, ta gan shi da wuri. Abu ɗaya ne take son gani, teku. Ta koya wa yara shi, ta zana shi a allo da shuɗin alli ya fi a ƙirga, amma ita ba ta taɓa tsayawa a bakinsa ba.

Tun suna amarci Injiniya ya yi mata alkawarin zai kai ta. Sai dai mutumin naku gwani ne wajen ɗaga magana. A ɗaga sai ruwa ya ɗauke. A ɗaga sai an yaye Auta. A ɗaga sai Auta ta gama makaranta, sai ta yi aure, sai aiki ya lafa a shago. Autar ce da kanta ta gaji, ta yanka musu tikitin jirgi, ta kama musu ɗaki a otal na bakin ruwa, ta ce, "Baba, wannan karon ko kai ne za ka yi kuka sai kun tafi."

Haka suka isa filin jirgi da safe, yana riƙe da gwiwar hannunta. Sun daɗe da raba aiki a tsakaninsu ba tare da sun zauna sun tsara ba, shi ne idonta, ita ce kunnensa. Shi ya karanta mata allon jirage, ita kuma in lasifika ya yi magana ta matso ta ɓangaren dama ta maimaita masa. Aka karɓi akwatunansu, aka nuna musu kujeru, suka zauna suna jira kamar mutanen kirki.

Jira ya yi jira. Lasifika ya ce a yi haƙuri, jirgin zai ɗan makara. Can ya sake cewa a ƙara haƙuri. Jarirai suka fara kuka, manya suka fara tsaki, wani mai kwat ya dinga safa da marwa yana yi wa wayarsa faɗa. Ana cikin haka Malama ta laluba jakarta, ta sake lalubawa, ta zazzage ta a cinya.

"Maigida, maganin idona. Na bar shi a kan taga."

"Wa ya mutu?"

"Ma-ga-ni!" ta faɗa a kunnen dama. "Na ido!"

Ya miƙe nan take. Gidan ba shi da nisa sosai, jirgin kuma ko inuwarsa babu. Ya gyara mata mayafi, ya ɗora mata jakar a cinya, ya ce kada ta motsa daga kujerar nan ko ƙasa za ta tsage. Ya fita ya tari tasi.

Ya ɗauko kwalbar, suna hanyar dawowa, cunkoso ya riƙe su daidai wani wurin da ake fasa titi da inji. A nan wayarsa ta yi rawa a aljihu. Malama ce. Ya manna ta a kunnen dama, ya toshe na hagun da yatsa, wanda da ma a toshe yake.

Abin da ta faɗa shi ne, "Jirgin fa an ɗaga, kada ka yi gaggawa." Abin da ya shiga kunnensa kuwa shi ne, "Jirgin fa ya ɗaga," sai wata 'yar guntuwa mai kama da "gaggawa". Layin ya yanke.

Ya ɗaga? Da wa? Da ita? Ya kira, ya ga kiran bai shiga ba. Ya sake, haka. Ya miƙa wa direba wayar, direba ya saurara ya ce a kashe take. Shi ke nan, ta tabbata, ai Auta ta gaya musu a cikin jirgi kashe waya ake yi. Bai kawo a ransa cewa Malama ta kwana ba ta sa caji ba. Matar da ba ta bambance bakin matakala sai ya ce mata "ɗaga ƙafa", ita ce za ta sauka a garin da ba ta san kowa ba, ba shi, ba magani?

Ya kira Auta yana haki. "Uwarki ta tafi! Ta tafi ta bar ni!"

Auta ta kurma ihu da salati, wanda ko shi sai da ya ji. Ya sha wahala kafin ya fahimtar da ita cewa sama uwar ta yi, amma a jirgi. Ta yi ta magana da sauri, wai zai yi wuya, wai ya je ya tambaya, shi dai "to, to" yake cewa, bai tsinci ko rabi ba.

Da suka isa bai jira tasi ta gama tsayawa ba. Ya nuna tikitinsa a ƙofa, aka laluba shi, aka juya kwalbar maganin aka mayar masa, ya nufi inda ya bar ta da gudu-gudu. Kujerun nan babu kowa. Ba jarirai, ba mai kwat, sai wata mai shara tana jan sandar goge ƙasa. Ya ɗaga kai ya duba allo, sunan jirginsu ya ɓace daga inda yake. Ta gilashi kuma ga wani jirgi can yana cira sama, fari da ratsin shuɗi, kuma shi duk jiragen wurin farare ne masu ratsin shuɗi.

Abin da bai sani ba, tun bayan fitarsa lasifika ya kwashe fasinjojin nan kaf ya mai da su wani zaure a bene na sama. Yana tsaye a wurin ma lasifikar ya sake nanatawa. Shi dai ya ji wani gunji a saman kansa, ya waiga dama don a maimaita masa, babu kowa a daman.

"Baiwar Allah," ya ce da mai shara, "jirgin mutanen da ke nan, ya ɗaga?"

"An ɗaga, Baba," ta ce, tana nuna sama da sandarta.

Ya bi sandar da kallo. Sama. To, me ya rage kuma?

Ya tari wani ma'aikaci mai riga mai ƙyalli, ya yi masa tambayar. Wannan ko tsayawa bai yi ba, ya ce, "Tun ɗazu aka ɗaga," ya wuce. Tun ɗazu! Injiniya ya dafe bango. Ransa ya ɓaci, ya rasa da wa zai yi fushi. Da ita, da ya ce kada ta motsa? Da masu jirgin, da suka kwashi mace mai lalurar ido suka bar mijinta? Ya dai san tsoro ya fi fushin yawa, rabon da ya ji irinsa tun daren haihuwar Auta.

Ya koma wajen kantar masu tikiti. Layi har ya lanƙwasa, kowa ido ja. Bai bi layi ba, kuma furfura ta cece shi. Yarinyar da ke bayan gilashin tana sanye da takunkumi, ga shi Injiniya rabin jinsa a leɓen mai magana yake.

"'Yata, ki sa ni a jirgi na gaba. Ko a tsaye ne zan tafi. Matata tana cikin wancan."

Takunkumin ya motsa.

"To," in ji shi.

Ya sake motsawa, girarta ta tattare.

"To, to. Madalla. Sai ki sa ni."

Yarinyar ta daina danna na'ura ta zuba masa ido. Na bayansa suka fara gunaguni. Ya ga bakuna suna motsi ta ko'ina, hannaye suna nuna sama, suna nuna ƙasa, wani har yana zana masa wani abu a iska. Kansa ya ɗaure tam. Ya dubi kwalbar da ke hannunsa, ta jiƙe da gumi. A nan ne ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa ko likita ba.

"'Yata, ba na ji. Kunnena ya mutu. Don Allah ki buɗe bakinki in gani."

Ta sauke takunkumin, ta leƙo ta ƙasan gilashi, ta ware murya. "Baba, AN ɗaga na ce, ba YA ɗaga ba! Lokacin aka ɗaga! Jirgin ko zuwa bai yi ba. Yanzu ma an soke shi."

"Wa aka soke?"

"Tafiyar, Baba! Babu ita yau! Mama tana sama, hawa za ka yi ta matakala!"

Wasu a layin suka fashe da dariya, shi ma ya yi. Yarinyar ta ce jiragen kwanakin nan duk sun cika, sai dai sati na sama. Ya gyaɗa kai da sauƙi, don wannan yare ne da ya iya. "Ba komai, a ɗaga. Ai tekun ba guduwa zai yi ba."

Ya same ta a zauren sama, ta ja kujera gaban wani ƙaton gilashi, jakarta a cinya yadda ya ɗora mata. Wata mata mai goyo ce ta riƙo hannunta suka hau, ta kuma zauna da ita. Tun kafin ya yi magana Malama ta juyo, takunsa ta sani.

"Injiniya manya! Maganin a ƙasar waje ka saro shi?"

"Ke ce kika ce ya ɗaga!"

"Ni? An ɗaga na ce. Ina zan ɗaga in je ba kai, wa zai ce mini ga rami?"

Ya zauna ta hagunta, don kunnen dama ya fuskance ta. Ya ɗaga mata haɓa, ya ɗiga maganin a kowane ido, ya share wanda ya gangaro da babban yatsansa mai kanta. Sannan ya ba ta labarin sati na sama, yana yi yana ƙara masa gishiri, wai ma ya fi, kafin nan an gama wani aiki a shago.

Ta mai da fuskarta ga gilashin. An ɗan yi yayyafi da rana, yanzu hasken yamma ya kwanta a kan filin da jirage ke gudu, shimfiɗe har iya gani.

"Maigida, tun ɗazu nake son in tambayi wani, kunya ta hana ni. Wannan ruwan da ke can, tafki ne suka yi a nan? Ya yi kyau. Har motsi yake."

Ya duba. Kwalta ce, baƙa, da fararen layuka ɓaro-ɓaro, ga wata motar ɗaukar kaya tana ratsa tsakiyarta. Da a watan jiya ne ma, da ta ga motar. Bai taɓa yi mata ƙarya a kan abin da ido ke gani ba, aikinsa ke nan.

"Kwalta ce, Malama."

"Au," ta ce, ta yi 'yar dariya. "To. Na ɗauka ruwa ne."

Ya daɗe yana kallon gefen fuskarta. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a gaban mutane ake jin ta ba. Sai ya miƙe, ya rataya jakarta a kafaɗarsa, ya kama gwiwar hannunta.

"Tashi. Mu karɓi akwatunanmu mu je tasha. Akwai motar da ke zuwa can, ko za mu kwana a hanya."

"Da wannan bayan naka? Maigida, sati ɗaya ne fa. A ɗaga kawai."

Bakinta daidai kunnensa na dama yake, kuma ya ji ta sarai.

"Ban ji ba," ya ce. "Ɗaga ƙafa, ga matakala."