Koren Rubutu

Allon kwamfutar ya nuna kore: "An aika lafiya." Mannir ya zuba wa rubutun ido.

Shi ya rubuta wa ƙungiyar direbobin Batsari wannan manhajar. Idan aka ga mutanen daji a wata hanya, saƙo guda ake bugawa, ya shiga wayar kowane direba. Da farko, duk lokacin da saƙo ya kasa fita, manhajar takan tsaya cak ta zubo jan rubutu na Turanci. Malam Haliru, shugaban ƙungiyar, bai so hakan ba.

"Wannan abin naka ba shi da ladabi," in ji shi a lokacin. "Ko mara lafiya ka gaida, cewa yake da sauƙi. Koya mata magana."

Mannir ya koya mata. Ya ƙara mata 'yan layukan umarni: idan kuskure ya taso, a kama shi, a haɗiye, a wuce. Tun daga ranar ba ta sake nuna ja ba, kowa ya yaba.

Yau bayan azahar aka ga baburan mutanen daji a hanyar Safana. An aika gargaɗi. Direbobi suna ta kira suna godiya, ban da Ya'u, wanda ya ɗauko fasinja daga Safana. Hadiyya, ƙanwar Mannir, tana cikin motar Ya'un da jaririnta.

"Ka kwantar da hankalinka, ɗana," in ji Malam Haliru. "Ga shi nan ta ce an aika."

"Baba, ko ba a aika ba haka za ta ce."

"Ƙarya take yi ke nan?"

"Abin da muka koya mata take yi."

Mannir ya kira Ya'u, kiran bai shiga ba. Ya kira Hadiyya, haka. Ya nemo layukan nan ya goge, ya sa kuskure ya fito da sunan wanda bai samu ba. Ya sake turawa.

Ja ya fito, layi ɗaya, da sunan Ya'u.

Malam Haliru ya leƙo ta kafaɗarsa, ba ya gani sosai sai da tabarau, ga shi kuwa bai sa ba.

"Lafiya dai?"

Mannir ya miƙe yana laluben makullin babur. Kafin ya ankara bakinsa ya riga shi.

"Lafiya lau, Baba."