Waken da Ya Tona Asirin Rijiya

Ni na ƙirƙiro wasan, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na gaji da 'yan ajina suna haddace kimiyya kamar aku, shi ne na raba su gida biyu, na sa suka shuka wake a gwangwanayen madara. Kowane gida na ba shi jarka naɗe da baƙar leda. Ɗaya ruwan rijiyar makaranta ne, ɗaya na rafin da kamfanonin fata na Challawa ke sako wa dagwalo. Wanda ya gano ruwan jarkarsa daga tsiron wake kawai, shi ya ci.

Ai kuwa aji ya kacame. Har Muhyiddeen, sarkin gyangyaɗi, sai ga shi da tsinken tsintsiya yana awon ganye.

Kwana goma sha biyu, waken ya yi rawaya ya kwanta, na gida biyun duka.

Na ce musu wataƙila kuskure ne, haka kimiyya take, a sake. Zainab, 'yar ƙaramar da ke zama a gaba, ta ce a ƙaro ruwa na uku wanda aka yarda da shi, don a sami abin kwatantawa. Wallahi na ji daɗi har raina. Na sayo ruwan leda.

Na ledar ne kaɗai ya yi kore shar. Sau biyu muna maimaitawa.

Na kwashi gwangwanayen na kai wa hedimasta, Malam Shu'aibu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce wake ba mutum ba ne, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Gaskiyarsa. Ya ce zai rubuta wa hukuma takarda, ta huɗu ke nan a kan rijiyar nan, ba a amsa ko ɗaya ba. Idan kuwa ya rufe ta, yara ɗari shida me za su sha? Na kwashi gwangwanayena na fito.

Da aka fita tara, rana ta take, na tsaya a baranda. Layin rijiya na nan yadda ya saba, sai dai 'yan ajina sun koma gefe suna kallon guga. Zainab ta zo kusa da ni, leɓenta a bushe.

"Malama, mun gano. To yanzu mu sha ko kar mu sha?"

Na buɗe jakata. Ledar ruwa ɗaya ce ta rage, su kuma arba'in da bakwai ne.